Murhun Mama Mai Kai Biyar

Assalamu alaikum masu bibiyata, har da ke baiwar Allah da kike shigowa ƙarƙashin duk abin da na rubuta kina ce mini in yi haƙuri, wai maza duk haka suke. Yau ki gyara zama, wannan naki ne. Ga waɗanda suka shigo yanzu kuma, sunana Nesma, 'yar birnin Mansura ce ni, ina aiki a wani kantin magani a unguwarmu. Har zuwa safiyar Juma'ar da ta wuce zoben baikon Hazim na hannun damana, katin biki ya gama zaga dangi, tela kuma ta gama rage mini ƙugun farar riga bayan ta tsira mini allura ta ce in daina cin burodi.

Hazim tayil yake sayarwa a wani babban shago, kuma wallahi aikin ya dace da shi. Mutum ne da zai nuna miki tayil mai tsaga ya ce zanen kamfani ne, ki biya kina godiya. Dogo ne, gashi kullum a kwance da mai, turarensa na riga shi shigowa. Kalmarsa ɗaya ce a duniya, kar ki damu. In mota ta lalace, kar ki damu. In ya makara awa guda ya bar ni tsaye a bakin kogi kamar mai sayar da gasasshiyar masara, kar ki damu. Ni kuma sokuwa sai in daina damuwar. Ina son shi, ba zan zo nan in yi muku ƙarya ba, son da ko sunansa na gani a waya sai na gyara ɗankwali.

Ranar da suka zo karanta Fatihar baiko, kawunnaina sun zo da shirin yaƙi a kan zinare da kujerun falo. Babana, Malam Ra'afat, tsohon malamin lissafi da ba ya son dogon zance, ya bar su suka gama haƙilonsu, sannan ya ce shi sharaɗinsa ɗaya ne tak. 'Yarsa ba za ta zauna a gidan da ake girki da tukunyar gas ba, sai dai gas ɗin bututu. In akwai, a ɗaga hannu a yi Fatiha. In babu, a sha lemo a tashi lafiya.

Duk wanda ya san gidanmu ya san dalili, domin dalilin na zaune a kujerar kusa da ƙofa tana miƙa wa baƙi alewa. Goggo Nawal ce, ƙanwar Baba. Tana amarya sabuwa fil tiyon tukunyarta ya riƙa yoyo ba wanda ya sani, ta shiga kicin da safe ta danna makunnin fitila. Ta rayu, amma daga kunnen hagu har wuyan hannu fatarta ba irin tamu ba ce. Mijin bai jira an sallamo ta daga asibiti ba ya aiko da saki. Tun kafin a haife ni take gidanmu, dogon hannu take sawa ko a Agusta, lokacin da zafin garinmu ya fi tsanani. Har yau in mai sayar da gas ya biyo layinmu yana buga sifana a jikin tukwane, sai ka ga Baba ya tashi ya rufe taga.

Hazim ya dafa ƙirji ya ce gidansa da ke Talka, can tsallaken kogi, akwai gas ɗin bututu har kicin. Aka yi Fatiha, aka yi guɗa. Washegari ina tsaka da ba wata tsohuwa maganin hawan jini sai ga hoto ya shigo wayata, wani bututu ruwan ɗorawa a jikin farin tayil, da jan mariƙinsa. A ƙasa ya rubuta: "Ki nuna wa Baba hankalinsa ya kwanta. Ga shi har kicin ɗinki, sarauniyata." Na nuna wa Baba. Ya sa tabarau, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yaron nan ɗan halak ne.

To, bari in gabatar muku da babbar 'yar Mama, domin ni ta biyu ce. Murhun gas ne mai kai biyar da oben, fari tas. Ina ajin ƙarshe na sakandare ta saye shi, lokacin ko mai gaishe ni a hanya babu. Tun ranar yake cikin kwalinsa a kusurwar falo, an lulluɓe shi da farin leshi, an ɗora masa tulun furannin roba da hoton kakana. Kowane azumi sai ta sauke kakana, ta buɗe kwalin, ta goge murhun da tsumma mai laushi tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ta mayar. Mu kuwa muna nan muna fama da tsohon namu da kai biyu kawai ke kamawa, shi ma sai an haɗa da bisimilla da ɗan duka a gefe.

Da aka yi Fatiha, Mama ta kira mai gyara ya canza 'yan kusoshin tagullar nan masu huda da ke ƙarƙashin kowane kai. Murhun ya zo da na tukunya, masu matsattsiyar huda, saboda gas ɗin tukunya da ƙarfi yake fitowa. Na bututu kuwa a hankali yake zuwa, sai an ba shi huda mai faɗi. Mai gyaran sau ɗaya ya faɗa mata, amma Mama sai da ta karantar da duk matan benenmu, har da maƙwabciyarmu da ba ta ji sosai, kai ka ce ita ta ƙirƙiro gas.

Ranar Alhamis aka loda kayana a motoci aka tsallaka gada da su ana ta oda, murhun a gaba an ɗaure masa jan ƙyalle. Hazim ya ce mu bar masa haɗawa, akwai mai gyaran da ya sani. Da yamma ya turo: "An haɗa. Mai gyaran ma cewa ya yi bai taɓa ganin murhu mai kyan wannan ba. Kar ki damu." Na karanta wa Mama, ta kusa yin kuka don daɗi.

Juma'a da safe muka tafi jere, ni da Mama da Goggo Nawal. Hawa na shida ne, babu lif, matakalar kuma matsattsiya, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Mama na hawa tana haki tana cewa ai iskar sama ta fi lafiya. Ni na sa tsohuwar doguwar riga ruwan toka da silifas saboda aiki na zo yi. Da muka isa muka tarar da uwar miji, Tanti Afaf, ta riga mu, ita kuwa biki ta zo. Abaya ce shuɗiya mai duwatsu tun daga wuya har ƙasa, awarwaron zinare na kuka a hannu biyu, gira an zana ta da baƙin fensir ta tashi sama kamar mai mamakin duniya, ga mayafi mai geza yana reto.

Ba ta ɗauki ko cokali ba. Aikinta bin bayanmu. Ta murza tawul tsakanin yatsu ta ce irin wannan wanki biyu yake yi. Ta ɗaga murfin tukunya ta leƙa ciki, ban san me take tsammanin gani ba. Da ta iso gaban murhu sai ta sa yatsa tana taɓa kawunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce masha Allah, biyar, ai ba laifi, 'yar ƙanwarta dai shida aka kai mata, amma kowa da ƙarfinsa. Mama ta yi murmushin da na san in mun koma gida ni zan biya kuɗinsa.

Ina jera tukwane a kabad ɗin ƙasa sai na zo kan ƙofar da ke manne da murhun ta dama. Na ja, ta ƙi. Na sake ja. Kafin in buɗe baki Tanti Afaf ta taso da sauri ta ce in bar ta, wannan ta ado ce, ginshiƙi ne a bayanta, kafinta ya rufe don kicin ya yi kyau. Na ce to, na kai tukwanen wani wuri. Ni dai na san Hazim bai taɓa ce mini akwai ginshiƙi a kicin ba, amma mutum mai jere ba ya da lokacin tunani.

Wajen azahar, maza duk suna masallaci, Tanti Afaf ta ce kanta na ciwo, a dafa shayi. Mama ta ce akwai a fulas, ita ta fi so kada a kunna murhun sai amarya ta tare. Tanti Afaf ta ce shayin fulas ai ruwan wanki ne. Ta kafe sai an kunna, har tana cewa gara ma Hajiya Nawal ta gani da idonta yadda gas ɗin bututu ke ci, ta je ta ba Malam Ra'afat labari. Goggo na tsaye a bakin ƙofar kicin tana ninke tsummoki, domin ko a gida ba ta cika matsawa kusa da wuta ba.

Na ɗauko sabuwar butar shayi, na cika, na ɗora a babban kan tsakiya. Mama ta yi bisimilla, Tanti Afaf ta sunkuyo don ta samu abin kushewa. Na murɗa, na danna.

Jama'a, wutar da na sani shuɗiya ce, gajeriya, mai ladabi. Wannan kuwa da wani irin fuu ta tashi, ja da ruwan ɗorawa, ta lulluɓe butar gaba ɗaya ta miƙe sama tana lasar kabad, baƙin hayaƙi na bin ta. Tanti Afaf ta ja irin numfashin razanar da matan garinmu ke ja bisa al'ada in za a juye soyayyiyar tafarnuwa a miyar lalo, sai dai wannan karon da gaske ne. Gezar mayafinta ta ƙudundune, girar hagu kuma, ta Allah da ta fensir, duk suka tafi tare.

Ban san Goggo Nawal na da sauri haka ba. Kafin in motsa ta ratsa tsakaninmu ta cafki jan mariƙin bututun nan na bango ta murɗe shi har ƙarshe. Wutar ko gezau. Ta ci gaba da ci abinta kamar ba da ita ake ba. Goggo ta kalli mariƙin, ta kalli wutar, ta kalle ni. Sai a lokacin hankalina ya dawo na kashe daga jikin murhun. Goggo ta wangale taga da ƙofar baranda, ta ce kada wanda ya kuskura ya taɓa makunnin fitila, ta faɗa da muryar da ko Tanti Afaf sai da ta janye hannu daga bango.

Da Tanti Afaf ta shafa goshi ta ji wayam sai bakinta ya buɗe. Ta ce dama ta faɗa, murhun da ya tsufa a kwali ai gawa ne. Ta ce an kwaso kayan da ya shekara goma yana shan ƙura an kawo gidan ɗanta don a ƙone shi da ransa. Ta ce in ba a da halin sabo ai sai a yi magana, ba a rufe talauci da jan ƙyalle ba. Mama ta ɗauki butar da ta koma baƙa ƙirin tana gogewa da bakin mayafinta, tana cewa wallahi ko sau ɗaya ba a taɓa kunna shi ba, wallahi kowane azumi tana duba shi.

Ana cikin haka Hazim ya shigo daga masallaci, farar jallabiya a goge, carbi a hannu, turare ya haɗu da ƙaurin gira. Uwarsa ta tare shi da labari. Na zuba masa ido. Na ga ya kalli murhun, ya saci kallon ƙofar adon nan, sannan ya juya wajen mahaifiyata ya sassauta murya irin ta shago.

"Tanti, don Allah kar ki sa a ranki, ba laifinki ba ne. Kaya in sun daɗe a ajiye haka suke yi. Ni zan saya wa Nesma sabo."

Nan Mama ta fashe da kuka. Zagin Tanti Afaf bai sa ta kuka ba, tausayin Hazim ne ya sa ta. Mata ce da ta hana kanta sabon mayafi shekara da shekaru saboda murhun nan, yau ga yaro ɗan jiya yana yafe mata shi. Na ji haushinsa irin wanda ban taɓa ji ba.

Shi kuwa gogan sai ya zaro laita daga aljihu, wai bari ya zaga bayan murhun ya ga ko akwai inda ke yoyo, yadda mazan garin nan suke yi suna jin su injiniyoyi ne. Goggo ta ɗauki sabon ludayina ta sauke masa a wuyan hannu, laitar ta yi tsalle ta faɗa cikin sink.

"Haka mijina ya gwada nawa ranar da ya haɗa," ta ce. "Ya ce lafiya lau."

Hazim ya yi dariyar yaƙe yana murza hannu. Na ce masa ina da tambaya. Goggo ta rufe bututu a gabana, wuta ba ta mutu ba, to daga ina gas ɗin yake zuwa? Ko ƙifta ido bai yi ba ya ce ai ragowar da ke cikin tiyo ne, haka yake yi, kar in damu. Wallahi da a ce jiya ne da na yarda.

Na buɗe akwatin sababbin wuƙaƙena na zaro ƙarama, na durƙusa gaban ƙofar adon. Da na duba da kyau sai ga wasu 'yan fararen takardu masu gam an manna a kusurwoyinta. Na ɓanɓare ɗaya, ga kan sukuru yana kallona. Hazim ya ce, "Nesma, za ki ɓata fenti." Tanti Afaf ta ce yarinyar nan ba ta da ta ido, a gaban uwar miji take fasa kayan gida. Na ci gaba da kwancewa da tsinin wuƙa, bakin wuƙar ma ya lanƙwashe.

Wari ne ya fara fitowa kafin ƙofar ta gama faɗowa. Ga ginshiƙin nan zaune, tukunyar gas ce tsohuwa mai tsatsa a gindi, an cire katakon tsakiyar kabad ɗin don ta samu wurin tsayawa. Babu ko 'yar huda da iska za ta shiga. An fasa bayan kabad an zura tiyo, tiyon kuma ya bi ya kwanta a jikin bayan oben, daidai inda ya fi ɗaukar zafi in ana gashi. A maimakon maɗaurin ƙarfe, da waya aka naɗe bakin tiyon, irin wayar da ake shanya. Wannan shi ne mai gyaran da bai taɓa ganin murhu mai kyan namu ba.

Goggo ta durƙusa kusa da ni. Da hannun hagun nan nata, wanda ba ta bari kowa ya gani, ta ture hannun riga ta murɗe kan tukunyar ta rufe. Ta ce in kaɗa mata sabulun wanke-wanke da ruwa a kofi. Ta ɗebi kumfar da soso ta shafa a inda wayar take. Ɗan gas ɗin da ya rage a tiyon ya riƙa hura ƙwai-ƙwai, suna kumbura suna fashewa, mu biyar muna kallo. Mama ce ta fara magana cikin shessheƙa, ta ce dole wuta ta yi hauka, an ba huda mai faɗi gas ɗin tukunya. Ko a cikin kuka sai da ta karantar.

Da Tanti Afaf ta yi shiru da ta tsira da sauran mutuncinta. Amma ina, baki ya saba. Ta juya kan ɗanta da gira ɗaya ta ce, "Ban ce maka ka kira mai gyara na gaske ba? Ban ce wayar nan ba za ta riƙe ba?"

Kukan Mama ya ɗauke kamar an rufe famfo. Ta ajiye butar a hankali.

"Ashe kin sani, Afaf?"

Sunan kawai ta kira, babu Hajiya, babu 'yar uwa. Tanti Afaf ta fara kame-kame, Mama kuwa ta taka har gaban bututun nan ruwan ɗorawa da Baba ya buɗe da yatsu biyu, ta kama shi ta jijjiga. Sai ga shi ya taho a hannunta gaba ɗaya, da ɗan siminti a gindinsa. Guntun ƙarfe ne da bai kai tsawon hannu ba, an shafa masa fenti an dasa a bango. Ko a jikin tayil ɗin ma aikin bai yi kyau ba, kuma mutumin nan tayil yake sayarwa.

Daga nan gaskiya ta fito a gutsure. Hawa biyun sama daga baya mai gidan ya ɗora su, takardunsu ba su kammala ba, don haka gas ɗin ya tsaya a hawa na huɗu. Hazim ya san da haka tun kafin ya dafa ƙirji a falonmu. Shayin da uwarsa ta nace a dafa kuwa, so take Goggo ta ga wuta ta ci ta kai wa Baba shaida, a rufe maganar har abada. Su biyun ba wanda ya san Mama ta canza kusoshi.

Hazim ya ja ni baranda. A nan ya zama Hazim ɗina, murya ta yi laushi, ido ya kawo ruwa. Ya ce tsoron rasa ni ne ya sa. Ya ce rabin ƙasar nan da tukunya suke girki kuma suna nan da ransu, har da uwarsa. Ya ce takardun na hanya, wata biyu ko uku, kuma ya yi niyyar faɗa mini bayan biki. Na tambaye shi in gas ya ƙare fa? Ya ce ai ya tsara, in na tafi aiki zai kwance ƙofar ya canza ya mayar, ba zan ma sani ba. Ya faɗi wannan da ɗan alfahari, yana jiran in yaba masa dabara.

Gaskiyarsa ce ta wani gefen, mutane na girki da tukunya lafiya lau. Kakata ta wajen uwa har ta rasu da ita take girki, a tsaye a fili kusa da taga, tiyo sabo, maɗauri na ƙarfe, in ta gama ta rufe kanta. Da ya zo mini da gaskiya tun farko, wallahi da ni zan tsaya gaban Baba in yi ta roƙo har ya sauko. Na faɗa masa haka. Sannan na yi masa tambayar da ke cina.

"In wuta ta tashi kana shago, ni kaɗai a gidan nan, ta ina zan kashe? In ruga in rufe wancan guntun ƙarfen?"

Ya buɗe baki, na ga kar ki damu ta taho har leɓensa, ya haɗiye ta. Ya ce, "Allah ba zai sa ba."

Na ce ya fitar da ita daga gidan yanzu. Bai yi musu ba. Ya kwance wayar shanyarsa, ya ciccibi tukunyar ya saɓa a kafaɗa, tsatsa ta zana masa ja a farar jallabiya. Ya fita ya fara sauka, tukunyar na gogar bango tana ƙara.

Bai yi nisa ba wayata ta yi ƙara. Saƙon Baba ne. "Na sayo muku gasasshen kifi, ina ƙofar gidan. Hawa na nawa kuka ce?"

Mama ta leƙo ta karanta ta kafaɗata. Ku ji ikon Allah, matar da aka gama zagi yanzun nan, wadda guntun bututu ke hannunta har lokacin, ita ce ta riƙe mini hannu. Ta ce in rufa mata asiri in ce wa Baba mun manta lemun tsami, ya koma kasuwa, kafin ya dawo Hazim ya ɓace da tukunyar. Ta ce kati ya fita, 'yan uwa daga Iskandariya sun sayi tikitin jirgin ƙasa, me za ta ce wa mutane? A mayar da tsofaffin kusoshin, a sa tukunyar a baranda, a lallaɓa Baba daga baya. Tanti Afaf ta matso ta ɗaya gefen, yanzu Mama ta zama 'yar uwarta ta jini, ni kuma ɗiyarta mai hankali, murhun ma ta ce ai ita tun farko ta ga mai kyau ne. Mata biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan ko launin labule ba, yau sun haɗa kai a kaina.

Na nemi Goggo da ido. Tana gaban sink tana wanke kumfa daga hannunta, ta saukar da hannun riga ta ɓalle maɓallin. Ba ta kalle ni ba.

Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Ina son Hazim a lokacin, ina son shi yanzu da nake rubuta muku wannan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na san Baba, in ya ga tukunyar nan babu kawu ko limamin da zai gyara. Na rubuta "Baba, mun manta lemun tsami," yatsana na kan turawa, Mama na cewa yawwa 'yar albarka. Sai na tuna yadda Hazim ya kalli mahaifiyata tana goge buta da mayafi ya ce mata ba laifinta ba ne. Na goge. Na rubuta: "Na shida, Baba. Hawo a hankali."

Na fita na leƙa ta kan ƙarfen matakala. Daga sama ina hango kan Hazim mai sheƙin mai yana juyawa yana sauka, daga ƙasa kuma ga sanƙon Baba yana tahowa, ƙunshin kifi a hannu, yana tsayawa yana hutawa. A hawa na uku suka yi kiciɓis. Hazim ya fara cewa Baba bari in yi maka bayani. Baba bai ko kalli fuskarsa ba. Tukunyar ya kalla, ya daɗe, sannan ya ɗaga kai sama har ya same ni.

"An kunna ta?"

"Ni na kunna, Baba."

Ya ajiye kifin a kan matakala. Ya dafa bango ya zauna kusa da shi, mutumin da ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa a gaban kowa ba, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Hazim na tsaye a samansa da tukunya a kafaɗa, gumi na ɗiga, kafaɗar ta fara rawa. Matakalar ba ta ɗaukar mutum biyu, kuma Baba bai matsa masa ba.